Ajin Malama Saratu da Kunyar Inna

Na ji ku ranar sunan ɗiyar ɗan'uwanku Aminu, lokacin da kuka taru a ɗakin tsakiya kuna tsammanin barci ya ɗauke ni. Kunnena bai tsufa kamar gwiwoyina ba. Kuna hirar kakarku Inna, mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ɗayanku yana cewa mace ce mai taurin zuciya, wai tun da ya buɗe ido bai taɓa jin ta kira sunana ba, bai taɓa ganin ta zauna tabarma ɗaya da ni ba. Wata kuma, na gane muryarta amma ba zan tona ta ba, ta ce ai Inna ba ta ƙaunata ne kawai. Ban tanka muku ba don gidan cike yake da baƙi. Yanzu da na iso wannan babi zan ba ku amsa, sai dai ku yi haƙuri da ni, don hanyar amsar ta cikin ajin Turanci ta bi.

Mu asalinmu mutanen ruga ne. Baffa, mahaifina, ya tashi yana bin shanu, har shekarar da ciwo ya shiga garken ya share shi, ya shigo Yerwa daga shi sai sandarsa da matarsa da ni a goye. Ya zama dillali a kasuwar shanu, ya kama gida a Limanti a tsakiyar Barebari. Shanun sun ƙare, amma kunyar ruga ta biyo mu har cikin birni, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Ni ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyar Baffa aka sa mini, Hafsatu. Kun ga an rufe wa Inna ƙofa biyu ke nan: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, mace kuma ba ta kama sunan surukarta. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta yi mini kitso, ba ta yaba mini a gaban kowa. In tana son ruwa, ina tsaye kusa da randa, sai ta juya ga ƙanwata ta ce,

"Ki ce wa waccan ta miƙo moɗa."

Mai tsaron wannan doka a gidanmu ita ce Goggo Dudu, yayar Baffa, wadda mijinta ya rasu ta dawo wurinmu. Ita ke yi mini kitso, ita ke kai ni wurin mai magani, a ɗakinta nake kwana. Na san al'ada ce, kowa ya gaya mini al'ada ce. Amma yarinya ba ta ƙoshi da bayani. Ina ganin Falmata ƙawata, 'yar maƙwabtanmu, wadda ita auta ce, tana kwanciya a cinyar uwarta ana tsefe mata kai, sai in juya in koma gida.

Bulaman unguwa ne ya zo neman yaran makaranta, Baffa ya ba da ni. Ba zan ɓata muku lokaci da azuzuwan farko ba. Shekarar da nake son ku sani ita ce ta ajin ƙarshe, lokacin da gari ya cika da zancen titin jirgin ƙasa da ake cewa ya kusa isowa. A shekarar aka kawo mana Malama Saratu, mutuniyar kudancin Borno daga wajen duwatsun Biu, gajeriya, mai tabarau da laima baƙa wadda ba ta rabuwa da ita ko rana ko ruwa. Ita ce mace baƙar fata ta farko da na ji tana Turanci da Bature ba ta sunkuyar da kai ba. Har yau in na rufe ido ina jin takun takalminta a barandar makaranta.

Malama ta tarar muna da kalmomin Turanci da yawa a baki, amma akwai wasu 'yan ƙanana guda biyu da muke tsallakewa kamar kashin akuya a hanya: "a" da "the". A wurinmu ba su da wani amfani. In ka ce kujera, ai kujera ka ce, me ya rage? Ta ce a Turanci ba a ambaton abu haka tsirara, sai ka faɗa wa mai sauraro ko abin nan wani ne daga cikin irinsa, ko kuwa wanda ku biyu kuka riga kuka sani. Na farko shi ne aikin "a", wanda ke zama "an" in kalmar da ke biye ta fara da wasali. Na biyu aikin "the" ne. Muka gyaɗa kai duka, muka koma gida, muka dawo da wata fahimta tamu dabam da ba wanda ya koya mana. Mun ji ta ce "a" kamar "wani" ne. To wa zai ce wa babba "wani"? Sai muka raba duniya yadda aka raba ta a gidajenmu. Manya duka muka ba su "the": uba, liman, bulama, malami. Akuya da tsintsiya da ƙannenmu muka bar musu "a". Ranar da Malama ta rubuta a allo cewa uban mutum ɗan kasuwa ne, ta sa "a trader", ta ce Falmata ta karanta, sai Falmata ta miƙe ta harɗe hannu. Hausarta irin ta Barebari ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Malama, ni ba zai karanta ba."

"Don me, Falmata?"

"Baba nawa ba wani ba ne. Kasuwar Litinin duka an san shi. In ya ji na ce masa wani, wallahi zai fasa bakina."

Malama ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ga duk ajin bayan Falmata muke. Ta karɓi allunanmu ta duba, ta ga yadda muka yi wa manya rabon girma. Ta yi dariya har ta cire tabarau tana share ido da gefen zani.

"'Yan mata," in ji ta, "wannan kalma ba rawani ba ce da za ku riƙa naɗa wa dattawa. Gobe kowa ta zo da wuri, zan kawo muku baƙuwa."

Washegari muna zaune sai muka ji sallama daga waje. Muka amsa. Malama ta shigo da kaza a hammata, ja, mai ƙafa ɗaya gurguwa. Ta tambaye mu ko mun san ta, muka ce ba mu sani ba. Ta ce to baƙuwa ce, kuma baƙo a Turanci da "a" yake sallama, "a hen". Sannan ta ajiye ta, ta sa aka zuba mata ruwa a murfin gwangwani, kazar ta sha, mu kuwa muna ta ce mata wushe, wushe, yadda ake gaida baƙo a Yerwa. Malama ta ce yanzu fa? Ta sha ruwanmu, mun san ta, ta zama 'yar gida, daga yanzu har a tashi "the hen" ce. Ta ce mu ma muna da abin a Hausa ba mu lura ba ne: mukan ce wata kaza ta shigo, sannan mu ce kazar ta sha ruwa. Bambancin kawai shi ne mu in mun ga dama mu bari, Bature kuwa ba a ba shi wannan dama ba. Duk abin da zai fito daga bakinsa mai ƙirguwa guda ɗaya, dole ya tsaya ya yanke masa hukunci, baƙo ne ko ɗan gida. Uban Falmata kuwa, in ana maganar sana'arsa, ɗaya ne daga cikin 'yan kasuwa, kuma wannan bai rage masa komai ba.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji a ranar ba. Ashe akwai mutanen da tun daga safe har dare, a kowace magana, suna lura da abin da abokin hirarsu ya sani da wanda bai sani ba, kuma ba su gajiya? Ashe Allah ya yi harsuna kowanne da abin da ya ɗora wa masu shi? Malama ta ƙara da cewa akwai abubuwan da ba su taɓa zama baƙi ba, don guda ɗaya ne kuma kowa ya san su, kamar rana da wata. Su kullum "the" ne, tun daga ambaton farko. Na fito daga makaranta ina tafiya ƙarƙashin itatuwan dogon yaro kamar wadda aka buɗe wa ido. Jaki ya wuce, na ce baƙo. Rijiyar unguwarmu, 'yar gida. Wata mata mai laffaya tana ƙamshin turaren wuta, baƙuwa, amma da ta tsaya ta gaishe ni sai ta koma 'yar gida. Har na isa ƙofarmu ina wannan rabo, na shiga na ji Inna tana ce wa ƙanwata ta gaya wa waccan abinci na cikin akushi. Na tsaya na tambayi kaina, ni a bakin Inna wacce ce daga cikin biyun?

Daga nan Turanci ya buɗe mini. Da aka yi jarrabawar shiga kwalejin horon malamai mata, na ci, ni da wasu 'yan mata kaɗan. Ina son tafiyar nan yadda ban taɓa son komai ba, don na riga na ga abin da nake so in zama, yana yawo da laima baƙa. Amma shugabar makarantarmu, wata Baturiya doguwa da ba ta daɗe da zuwa ƙasar ba, ta kafa sharaɗi. A bara an tura wata yarinya bisa yardar wani da ya ce shi kawunta ne, uban ya je har kwalejin ya yi tashin hankali ya ɗauke ta. Saboda haka bana ba ta yarda da kawu ko goggo ko maƙwabci ba. Uwa ko uba, ɗaya ya zo da ƙafarsa ya ce ɗiyarsa ce kuma ya yarda, kafin a tashi ranar Juma'a. Wadda ba a zo mata ba, a ba wata gurbinta.

Baffa kuwa ya bi shanun fatake zuwa kudu da ƙafa, ba a sa ran ganinsa sai bayan watanni. Kafin ya tafi ya ce in na ci in tafi, amma maganar tana cikin gida, ba ta isa ofishin Baturiya ba. Goggo Dudu ta yafa mayafi ta je, aka tambaye ta ko ita ta haife ni. Goggo ba ta ƙarya ko a kan wuƙa, ta ce ita goggo ce, aka sallame ta. Saura Inna. Inna da ba ta fita da rana sai rasuwa ko haihuwa, ita ce za ta tsaya a gaban mutane ta ce ni 'yarta ce. Malama Saratu ta zo gidanmu da kanta bayan la'asar, ta zauna a tabarma ta yi bayani tiryan-tiryan. Inna ta dama mata fura da nono, ta saurara kanta a ƙasa. Goggo ce ta amsa.

"Malama, kin zo da alheri, mun gode. Amma abin da kike nema ba a taɓa yi a zuriyarmu ba. Uwa ta buɗe baki ta ce 'yar fari tata ce? A gaban Nasara? Da wane ido za ta kalli dangi?"

"Goggo, kalma ɗaya ce fa."

"A wurinku kalma ɗaya ce."

Na cire rai. Ranar Juma'a da safe na tafi makaranta ban ko karya ba, na zauna a bayan aji ina kallon allo ba na ganin komai. Hantsi ya ɗaga sai Falmata, wadda ke kusa da taga, ta daka tsalle.

"Hafsatu! Inna naki ya zo! Wallahi ya zo!"

Na leƙa. Ga Inna tana ratsa filin makaranta cikin baƙin mayafinta na zuwa gaisuwar mutuwa, tana taka ƙasa a hankali kamar mai tsoron ta fashe. Goggo Dudu na biye da ita, fuska a murtuke. Ban taɓa ganin Inna a wani wuri da ba gida ba cikin hasken rana. Ashe doguwa ce.

Aka kira ni ofis. Baturiya na zaune bayan tebur, Malama Saratu na tsaye gefenta don yin tafinta. An ba Inna kujera ta ƙi, ta durƙusa kusa da ƙofa, Goggo ta durƙusa a bayanta. Baturiya ta nuna ni, ta yi tambaya, Malama ta juya ta da Hausa.

"Inna, ana tambaya, mece ce tsakaninki da wannan yarinya?"

Inna ba ta ɗaga ido daga siminti ba. Da muryarta ta fito, da ƙyar na ji ta.

"Yarinya ce a gidanmu."

Malama ta juya ga Baturiya. Mace ce mai amana, ba ta ƙara wa magana gishiri, don haka ta mayar da ita yadda aka faɗa, "a girl in our house". Wannan ne karo na farko da na ji Turanci ba a matsayin darasi ba, na kuwa ji shi sarai. Baturiya ma ta ji. Ta girgiza kai ta ce ita uwa ta nema, ba matar gida ba. Malama ta shiga yi mata bayanin al'adarmu da sauri, tana haɗawa da hannu, amma Baturiya ta ce irin wannan bayani aka yi mata bara. Ta ce ta yi baƙin ciki, don ni yarinya ce mai ƙoƙari, ta dafa tebur za ta miƙe. Ni dai na ji hawaye na sauka a haɓata, ban san lokacin da suka fara ba.

Inna ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya, amma ta ga an dafa tebur. Sai ta miƙe tsaye. Goggo ta kama gefen mayafinta, Inna ta zare shi a hankali.

"Malama, ki gaya mata ni na haife ta. A ruga na haife ta, da damina, ba kowa a wurin sai ni da Allah. Na yarda ta tafi."

Iyakar abin da aka nema ke nan, Malama har ta buɗe baki za ta fassara. Amma Inna ba ta gama ba. Ta juyo ta dube ni, ido cikin ido, ta ce,

"Sunanta Hafsatu."

Na ji sunan nan a bakin mutane iri-iri, kafin ranar da bayanta, a aji da asibiti da filin jirgi. Ban taɓa jin sa kamar yadda ya fito a ranar ba. Ta faɗe shi a hankali, ta ja ƙarshensa irin na mutanen ruga. Goggo ta rufe baki da tafin hannu tana salati. Malama Saratu ta cire tabarau, wannan karon ba don dariya ba. Baturiya ba ta jira fassara ba, ta koma ta zauna, ta dubi Inna ta dube ni, ta ce ta gamsu. Ni kuwa na jingina da bango ina kallon matar nan kamar yau na fara ganinta.

Kada ku ɗauka abin ya wuce haka nan. Kafin sati ya zagayo labari ya kai duk inda danginmu suke, daga kasuwar shanu har rugagen bakin tafki. In Inna ta shiga gidan suna sai mata su riƙa taɓa juna, wata ta ce ga wadda ta kama sunan surukarta a gaban Nasara, a kwashe da dariya. Da Baffa ya dawo ya ji, bai yi faɗa ba, amma ya daɗe ba ya sakin fuska da ita, don sunan mahaifiyarsa ne. Inna ta daina zuwa taron dangi shekaru masu yawa, ita da ba ta da wata fita sai wannan. Ni kuma ta ƙara ja baya da ni fiye da da, kamar mai ɗinke inda ya yage. Ranar da zan tafi kwaleji ba ta raka ni ko zaure ba. Ba ta sake kiran sunana ba har ta koma ga Allah. Wannan ja da bayan shi kuka tarar, shi kuka gani da idonku kuka yanke mata hukunci.

Na yi shekaru ina ɗauka abin ya suɓuce mata ne, don ta ga ina kuka. Sai a zaman makokinta na san ba haka ba ne. Goggo Dudu ta tsufa tukuf a lokacin, ba ta gani sosai. Bayan masu gaisuwa sun ragu ta laluba ta kamo hannuna, ta jawo ni kusa.

"Kin san abin da ya sa na bi ta makaranta ran nan?"

"Rakiya kika yi mata, Goggo."

"Rakiyar me? Hana ta na je yi. Da sassafe, bayan kin fita, na ji ta a bayan ɗaki tana daka gero. Dakan ya ƙi ƙarewa, na zagaya in gani. Ashe sunanki take faɗa. Duk saukar taɓarya sai ta faɗa a ƙarƙashin ƙarar, don kada kowa ya ji. Bakinta bai taɓa yin sa ba, tana tsoron ya ƙi fita a gaban mutane. Geron nan ya zama gari tuntuni, ita tana ta daka."